"An Sa Shi a Inji": Tsoron Na'urar Numfashi da Batun Yarda a Nguru da Gashuwa

Akwai maganar da in ta fito daga ɗakin marasa lafiya a Nguru ko Gashuwa, sai ka ji mata sun fara salati, maza kuma sun yi jugum: "An sa masa oksijin." In kuwa aka ce an sa shi a inji, wani har ya fara laluben waya don ya sanar da 'yan uwa na nesa. Ma'aikatan jinya a arewacin ƙasar nan sun sha ganin uba ya zare robar iska daga hancin ɗansa, ko ya sa hannu a takarda ya ɗauke yaron zuwa gida, saboda a iya saninsa wanda aka maƙala wa wannan abu ba ya tashi. Bai kamata a yi wa uban nan kallon jahili ba. Abin da ya gani yake faɗi: an sa wa maƙwabcinsa, ya rasu, an sa wa gwaggonsa, ta rasu. Abin da ya kuɓuce masa a lissafi shi ne, su biyun ba a kai su asibiti ba sai da aka gama zagaye kemis-kemis da masu magani, numfashi ya riga ya sarƙe, leɓe ya canza launi.

Tun farko ma abubuwa biyu ake haɗawa ana tsoronsu tare. Oksijin da ake bayarwa ta siririyar roba a hanci ƙarin iska ce kawai. Mara lafiya yana numfashi da kansa, yana magana, yana shan kununsa. Na'urar taimaka wa numfashi, wadda likitoci ke kira bentileta, al'amarinta ya wuce nan. Sai an yi wa mutum allurar barci, an zura masa bututu ta baki har cikin maƙogwaro, sannan inji ya riƙa tura masa iska dare da rana. Mutanen Gashuwa, da ciwon ƙoda ya daɗe yana addabarsu, za su fi kowa saurin gane matsayinta: injin wankin ƙoda ba ya warkar da ƙoda, aikinta yake riƙe mata. Ita ma bentileta ba ta kashe ƙwayar cuta ko ɗaya. Numfashi take riƙe wa mutum kafin magani ya yi aiki ko jiki ya farfaɗo.

Kuma tana da illa, illa mai yawa. Yadda Allah ya halicci mutum, jawo iska yake yi: ƙirji ya buɗe, tsokar da ke tsakanin ƙirji da ciki ta yi ƙasa, iska ta shigo a hankali. Inji kuwa turawa yake. Huhun da cuta ta riga ta kumbura, in aka ɗura masa iska fiye da kima, ƙananan jakunkunansa kan yage, wani lokaci iskar ta ɓalle ta taru a ƙirji ta danne huhun gaba ɗaya. Bututun da ke maƙogwaro yana hana tari, sannan ya zama hanyar da ƙwayoyin cuta ke bi su gangara, sai wanda aka kawo da cuta ɗaya ya ƙara da nimoniyar asibiti, wadda sau da yawa ba ta jin magungunan da aka saba. Allurar barci ta kwana da kwanaki na ruɗa hankali. Tsokar numfashi, da yake an karɓe mata aiki, takan yi laushi cikin 'yan kwanaki, har raba mutum da injin ya zama wani babban aiki. Jini kan yi ƙasa, baya kan yi gyambon kwanciya, murya kan dishe bayan an cire bututu.

Duk wannan lissafi daga hannun likitocin da ke aiki da na'urar ya fito, kuma su ne suka auna shi. A 2000 wani rukunin asibitocin Amurka ya gwada marasa lafiya 861 masu mummunan kumburin huhu. Rabinsu aka ba su iska mai yawa kamar yadda aka daɗe ana yi, sauran aka rage musu da kusan rabi. A rukunin farko kusan kashi 40 cikin 100 suka rasu, a na biyu kashi 31. Ma'ana, shekara da shekaru likitoci suna cutar da wasu majinyatansu da kyakkyawar niyya, kuma suka buga sakamakon a fili, duniya ta canza yadda take saita injin. A 2013 wani bincike da aka gudanar galibi a Faransa ya nuna cewa kifa irin waɗannan majinyata ruf da ciki na tsawon sa'o'i ya rage mutuwa daga kimanin kashi 33 zuwa 16. Wannan dabara ba ta buƙatar sabon inji, ma'aikata huɗu ko biyar take buƙata waɗanda za su juya mutum a hankali ba tare da bututu ya zame ba.

Shekarar korona ce ta mayar da tsoron injin abin yaɗawa a waya. A ranar 22 ga Afrilun 2020 mujallar likitoci ta JAMA ta buga rahoton majinyata 5,700 daga wasu asibitocin New York, kuma abin da ya zagaye duniya daga cikinsa layi ɗaya ne: kashi 88 cikin 100 na waɗanda aka sa wa inji sun mutu. Aka yi ta tura shi a WhatsApp da Facebook, wasu suka ɗora nasu sharhin cewa asibiti ne ke kashe mutane. Ga yadda lissafin yake. Mutum 1,151 aka sa wa na'urar. A ranar da aka rufe ƙidaya 282 sun rasu, 38 an sallame su, 831 kuma suna nan kwance ba a san makomarsu ba. Kashi 88 ɗin ya fito ne daga mutum 320 kacal da lamarinsu ya riga ya ƙare, kuma a kowace annoba waɗanda cutar ta fi tsananta a kansu su ke fara tafiya, masu farfaɗowa sukan ɗau makonni. Cikin 'yan kwanaki mujallar ta yi gyara, ta nuna cewa a lokacin kimanin kashi 25 ne suka rasu. Gyaran bai yi tafiyar da labarin farko ya yi ba.

A daidai wannan lokaci ne jana'iza ta yawaita a Kano, sannan jaridu suka fara ruwaito irin haka daga Nguru, Gashuwa da Potiskum a watan Mayu, har jami'an lafiya suka bi gida-gida suna tambayar iyalai yadda mamatansu suka yi jinya. Galibinsu dattawa ne masu hawan jini ko ciwon suga. Game da Kano, Ministan Lafiya na lokacin, Osagie Ehanire, ya bayyana a watan Yuni cewa an ƙirga mamata 979 a ƙananan hukumomi takwas na birni, kuma tsakanin kashi 50 zuwa 60 cikin 100 mai yiwuwa korona ce sanadi. Fiye da rabinsu a gida suka cika. Wato yayin da ake muhawarar ko inji na kisa a New York, dattawanmu suna rasuwa a kan tabarmarsu ba tare da sun ga ko tukunyar oksijin ba, a lokacin da asibitoci masu zaman kansu da dama suka rufe ƙofa, jama'a kuma suke gudun na gwamnati don tsoron killacewa.

Wanda yake son ya ga amfanin na'urar ƙarara sai ya duba inda ta samo asali. A 1952 annobar shan inna ta faɗa wa birnin Kofanhegan na Denmak. Cikin majinyata 31 na farko da cutar ta shanye musu tsokar numfashi a asibitin Blegdam, 27 sun mutu. Wani likitan allurar barci mai suna Bjorn Ibsen ya ba da shawara a huda maƙogwaro a sa bututu a riƙa tura iska, kuma da yake babu isassun injuna, sai aka ɗauko ɗalibai sama da dubu suna karɓa-karɓa, kowa ya zauna gefen gadon yaro yana matsa jakar roba da hannu na tsawon sa'o'i. Mutuwa ta ragu da fiye da rabi. Daga nan ne sashen kulawa ta musamman na asibitocin duniya ya samo tushe.

Irin waɗannan majinyata, masu lafiyayyen huhu amma tsoka ta gaza, suna nan a arewacin Yobe. Akwai manomin fadamar Hadeja da Nguru da ya shaƙi maganin feshi, ko yaron da ya kurɓi fiya-fiya da aka ɗura a gorar lemo. Wannan guba tana shanye numfashi, kuma in aka riƙe wa mutum shi na kwanaki tare da maganin karya gubar, yakan tashi garau. Akwai mai jego da jijjiga ta kama, akwai wanda ya yi haɗari a hanyar Gashuwa zuwa Damaturu, akwai wanda aka yi wa doguwar tiyata. Akwai kuma mashaƙo, wanda ya ɓarke tun ƙarshen 2022, Yobe ta bi bayan Kano a yawan waɗanda suka kamu: cuta ce da ke toshe maƙogwaron yaro, daga baya dafinta ya iya taɓa jijiyoyin numfashi. Iyalin da suka ƙi bututu ga irin waɗannan saboda labarin New York sun yar da damar da ta fi kowace girma. Tsohon da cutar daji ko ciwon zuciya ya riga ya ci ƙarfinsa kuwa, sa shi a inji kan iya zama tsawaita wahala kawai, kuma likitan kirki zai faɗa wa 'ya'yansa haka. Malamai ma ba su bar batun ba. Tun a 1986 Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta zauna a birnin Amman ta yi hukunci a kan lokacin da ya halatta a cire irin waɗannan na'urori.

Sai dai akwai wani kuskure da ya fi na masu ƙin bututu tsada, kuma na masu riƙe da kasafin kuɗi ne: ɗaukar cewa sayen inji shi ne samar da kulawa. A Afrilun 2020 shafin Tiwita na Ma'aikatar Kuɗi ta Tarayya ya roƙi attajiri Elon Musk tallafin na'urori 100 zuwa 500, daga baya aka goge saƙon. A watan Agusta Amurka ta ba Najeriya 200. Gwamnoni da attajirai suka yi ta ɗaukar hoto da kwalaye. Amma injin nan yana so ne a samu ma'aikaciyar jinya ɗaya a kan majinyaci ɗaya ko biyu, mai zuƙe masa majina a kai a kai, mai sanin ma'anar kowace ƙara da ya yi. Yana son likitan da ya iya saita shi, da gwajin iskar jini, da oksijin da ba ya ƙarewa, da wutar da ba ta ɗaukewa ko na minti biyar, a garin da zafin bazara ke haura digiri 40. Binciken da mujallar Lancet ta buga a 2021, wanda ya duba masu korona sama da 3,000 da aka kai sashen kulawa ta musamman a asibitoci 64 na ƙasashen Afirka goma, har da Najeriya da Nijar, ya gano kashi 48 cikin 100 sun rasu, alhali matsakaicin duniya bai kai kashi 32 ba.

Misalin da ya fi fito da wannan batu fili ya shafi yara ne. A Bangaladash likita Mohammod Jobayer Chisti ya haɗa wata 'yar dabara da robar hanci da kwalbar ruwa, wadda ke ba yaro mai nimoniya iska da ɗan matsi ba tare da bututu a maƙogwaro ba. Sakamakon da aka buga a 2015 ya nuna mutuwa kashi 4 cikin 100, maimakon 15 ga waɗanda aka ba oksijin zalla. Aka ɗauki irin dabarar zuwa wani asibitin gunduma a Salima ta ƙasar Malawi, inda babu likita a kan yaran kullum. A can kashi 17 suka rasu a rukunin na'urar, kashi 11 a rukunin oksijin zalla, har aka dakatar da gwajin. Dabara iri ɗaya, sakamako ya juye, mai yiwuwa saboda waɗanda ke tsaye a kan gadon sun bambanta.

Wannan shi ne dalilin da ya sa, a ganin mai wannan sharhi, buƙatar yankin Nguru da Gashuwa ta fara ne daga ƙasa. Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya da ke Nguru da babban asibitin Gashuwa suna karɓar majinyata daga Machina, Yusufari, Karasuwa, Jakusko, gefen Jigawa, har da ƙauyukan Nijar da ke tsallaken iyaka. Ƙurar hunturu, hayaƙin itacen girki da na bandar kifi, ƙyanda da tamowa, duka suna taruwa a ƙirjin yara. Hukumar UNICEF ta ƙiyasta nimoniya ta kashe yara 162,000 'yan ƙasa da shekara biyar a Najeriya a 2018 kaɗai. Mafi yawan irin waɗannan yara ba inji suke buƙata ba. Suna buƙatar a gane da wuri cewa iskar jininsu ta yi ƙasa, ta hanyar ɗan abin nan da ake maƙalawa a yatsa, a ba su oksijin da maganin kashe ƙwayar cuta. Ko shi ɗan abin yatsan sai an yi hattara da shi: masu bincike a Jami'ar Mishigan sun nuna a Disambar 2020 cewa ya fi ɓoye ƙarancin iska a jikin baƙar fata, kusan ninki uku idan aka kwatanta da farar fata. Don haka in ya nuna lafiya lau alhali yaro na haki haƙarƙarinsa na lotsawa, abin da ido ya gani ma hujja ce.

To wa za a yarda da shi? Mutanen arewa ba su tsinci shakkarsu a banza ba. A 1996, ana tsakiyar annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan a Asibitin Zana na Kano a kan yara kusan 200, sha ɗaya suka rasu, iyaye suka ce ba a yi musu bayani ba. Kamfanin ya musanta laifi, amma a 2009 ya yi sulhu da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Wannan tabo yana cikin abin da ya ba ƙauracewa rigakafin shan inna ta 2003 ƙarfi, kuma yaran da suka shanye a shekarun da suka biyo baya su suka biya kuɗin. Tsoro mai tushe ne ya haifar da hukunci marar kyau.

A ɗaya gefen, saurin yarda ma ya sha yi mana ɓarna. A Agustan 2014 saƙon wanka da ruwan gishiri don kariya daga Ibola ya tashi mutane da tsakar dare, wasu suka sha har aka rasa rayuka. A Maris na 2020 Donald Trump ya yabi kulorokwin, cikin kwanaki jami'an Legas suka fara ganin waɗanda suka sha ya zame musu guba. Sai maganin Madagaska da shugaba Andry Rajoelina ya tallata, wanda ya iso har fadar shugaban ƙasa a Abuja, da masana harhaɗa magunguna suka duba suka tarar galibinsa tazargade ne. Har manyan mujallu ba su tsira ba: a Mayun 2020 Lancet ta buga wani bincike kan hatsarin kulorokwin da aka gina a kan bayanan wani kamfani mai suna Surgisphere, cikin mako biyu aka janye shi domin an kasa tabbatar da bayanan. Abin lura shi ne wasu masu bincike ne suka bankaɗo shi, kuma mujallar ta janye a bainar jama'a. Mai saƙon murya da ya ce a sha gishiri bai taɓa dawowa ya ba kowa haƙuri ba.

A watan Yunin shekarar ne gwajin RECOVERY na Ingila ya nuna cewa dezametason, magani mai arha da ke kowane kemis, ya rage mutuwar masu korona da ke kan inji da kusan kashi ɗaya cikin uku. Gwajin ya kuma nuna bai amfani waɗanda ba sa buƙatar oksijin ba. Wannan rabin na biyu shi ne ba a cika faɗa ba, a ƙasar da wasu ke haɗiyar irin wannan ƙwaya don neman ƙiba. Ingantaccen bayani kan zo da iyakarsa: ga wanda zai amfana, ga wanda ba zai amfana ba, ga yawan mutanen da aka gwada, ga abin da aka kwatanta da shi. Wanda ya ce maganinsa na warkar da fuka da ƙoda da basir gaba ɗaya, ko ya ce duk wanda aka sa wa inji sai ya mutu, bai kawo ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, ko da kuwa sanye yake da farar riga.

Nauyin da ya fi girma dai a kan asibiti yake. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta a sanar da mara lafiya halin da yake ciki, hanyoyin da ake da su, haɗarinsu, da 'yancinsa na ƙin amincewa, kuma gwargwadon iko a harshen da yake ji. A yankin da wani da Badanci ya tashi, wani da Manganci, wani da Fulatanci, miƙa takardar Turanci a ce "Baba, sa hannu nan" bai cika wannan sharaɗi ba. Minti biyar ya isa likita ya ce: "Baba, huhun yaronka ya gaji. Wannan robar iska ce kawai, kar a cire. In ta kai ga bututu zan faɗa maka dalili, da kwanakin da muke sa rai, da abin da zai iya faruwa." Shi ma uban yana da damar tambaya: "Likita, me muke jira ya warke a kwanakin nan? Wa zai kwana a kansa? In wuta ta ɗauke fa? In mun tafi Kano ko Damaturu, akwai oksijin a motar?" Tambayar ƙarshen nan ba ƙarama ba ce, domin tafiyar sa'o'i ce, kuma majinyata da yawa a hanya suke galabaita.

Asibitocin Nguru da Gashuwa za su iya liƙa alƙaluma a bango duk wata uku: yara nawa aka ba oksijin, nawa suka koma gida da ƙafarsu. Fadar Sarkin Nguru da ta Mai Bade, da limaman Juma'a, za su iya isar da waɗannan alƙaluma ga jama'a. 'Yan majalisar da ke wakiltar yankin kuwa, in aka kawo musu kasafin sayen na'urori, ya kamata su fara tambayar ma'aikatan jinya nawa aka horar a kansu, likitocin allurar barci nawa suka rage ba su bar aiki ba, ƙananan asibitocin ƙauye nawa ke da injin tace oksijin mai aiki da sola, da kuma wanda ke gyara shi idan ƙura ta toshe matatarsa a watan Janairu.